Na'urar Ƙofa Ba Ta San Yatsan Malam Idi Ba

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfaninmu na jimar fata da ke Challawa, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali.

Ni ne Haruna Sale, mai zaɓen fata, shekarata goma sha tara a kamfanin nan. Ranka ya daɗe, da baki har kunne nake rubuta wasiƙar nan, domin ranar Litinin na koma bakin aikina bayan an cire sunana daga jerin waɗanda za a rage. Maiɗakina dambu ta yi ta rarraba wa maƙwabta a Panshekara, ni kuwa na kwana biyu ina gaisawa da mutanen da ban ma sani ba. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma da sauran magana, kuma a bainar jama'a zan yi ta, tunda a allon ƙofa aka manna sunayenmu.

Na farko. Ba mu yi jayayya da cewa kasuwa ta ja baya ba. Abin da ya ƙona mana rai shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. An ce mu bakwai mun fi kowa fashin aiki, wai na'urar dangwala yatsa ta bakin ƙofa ce ta nuna haka. Ni da ko ranar sunan autata sai da na leƙo aiki! Duk wanda ya daɗe yana cuɗa fata cikin gishiri da ruwan magani, zanen yatsansa gogewa yake yi, ya koma sumul kamar bayan cokali. Kullum mu dangwala, ta yi mana jan ido. Ma'aikatan ofis kuwa da sababbin ɗauka, taɓawa ɗaya ta gane su. Shi ya sa jerin ya fito tsofaffin hannu zalla.

Na biyu. Ba a kira ko ɗayanmu an ji ta bakinsa ba, ba a kuma sanar da ƙungiyarmu ta ma'aikata dalili ba, alhali dokar ƙwadago ta ce a sanar da ita, a kuma duba daɗewar mutum da ƙwarewarsa. Ba don Baba Audu maigadi ba, da mun tafi. Shi ne yake rubuta sunan duk wanda na'ura ta ƙi a wani tsohon littafi, muna ta yi masa tsiya wai ya zama akawu. Ranar da kuka sauko da kanku, kuka sa na dangwala sau biyar a gabanku tana ƙi, kuka buɗe littafin kuka yi dariya, wallahi na ji daɗi har na yi ƙwalla.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Mu shida muka dawo. Malam Idi, mutumin Damagaram, har yau yana gida. An ce shi ɗan Nijar ne, kuma ba a taɓa ba shi takardar ɗauka ta dindindin ba. Ranka ya daɗe, rashin takardar laifin wa ne? Shi ya riƙe hannuna ya koya mini bambanta fatar da wuƙa ta ci da lafiyayyiya, tun ban san komai ba. Lokacin da yake cika mana kwantena da fata mai daraja, ba wanda ya tambaye shi garinsu. Sunansa yana littafin Baba Audu a kowane shafi, galibi ma a saman nawa.

Don haka ina roƙo a dawo da shi a ba shi takardarsa. In kuma rage ma'aikata ya zama dole nan gaba, a zauna da ƙungiya, a faɗi ma'auni a fili, a sallami mutum da haƙƙinsa da mutuncinsa. Littafin maigadi kuma a mayar da shi na hukuma.

Ranar da na koma, Malam Idi ya riga kowa zuwa gidana yi mini barka, har ya ci dambun. Kujerarsa tana nan kusa da tawa, na hana kowa zama.

Allah Ya ƙara muku lafiya da adalci, Ya buɗa wa kamfaninmu kasuwa. A nan zan dakata.

Wassalam.

Naku,
Haruna Sale.