Farar Ƙasar da Kuka Shafa wa Kukar Fatake

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ma'aikatan gyaran hanyar Gene,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Hamidu, mai hoto ne ni a Malanville. Sana'ata a gindin Kukar Fatake take, wadda ke bakin hanya in an fita gari. Nan fataken goro suke yada zango a da, kowane madugu ya yanka alamarsa da wuƙa a jikinta. Jikokinsu na tsallako kogi daga Nijar, su ɗora hannu kan alamar gidansu, in ɗauke su hoto.

Na farko, godiya. Da aikinku ya iso, kowa ya ce kukar ta tafi. Wallahi har kuka na yi. Sai ga shi ka karkata kwalta ta kewaye ta, kamiyo mai ɗaukar kaya na wucewa ko reshe bai taɓa ba. Har in mutu ba zan manta maka wannan ba.

Na biyu kuwa, ranka ya daɗe, yaranka sun yi mana aika-aika. Ranar buɗe hanya suka bi itatuwa suna shafa farar ƙasa don manyan baƙi, yadda aka saba. Suka iso kukar, suka lafta mata har sama da tsayin mutum. Haba! Kuka ce fa, ba katangar bariki ba. Alamun nan duka sun cike.

Kasuwar da ta wuce wata baiwar Allah ta kawo mahaifinta daga Gaya, tsoho tukuf, don ya ga alamar babansa. Ya yi ta lalube da yatsa, bai same ta ba. Kunya ta hana ni ɗaga na'ura.

Roƙona: kada a sake shafawa in bikin 'yancin kai ya zo. Kada kuma wani mai karambani ya kankare da ƙarfe, zai tafi da alamun. A bar ruwan damina ya wanke ta a hankali.

Tsohon ya ce zai dawo bayan kaka, in da sauran kwana. Na yi masa alkawarin hoto kyauta. Ka taimaka ya tarar da babansa.

Allah ya ƙara girma, ya tsare ka a kan hanya.

Wassalam,
Hamidu mai hoto, Malanville.