Kazar Inna Ta Haɗiye Boris

Daren Laraba, tara ga Rajab, Dutsin-Ma

Yau kaina ya ɗaure. Da la'asar jirgin nan marar farfela ya wuce, ya bar farin layi a sama. Kawu Sale, da yake ya taɓa shara a filin jirgin Kano, ya ce a cikin injinsa akwai sandar ƙarfe mai juyawa. Wai tana zaune kan 'yan ƙwallayen boris, su kuma wasu ƙarafa sun riƙe su da jikin injin.

Na ce, "Kawu, abin da aka riƙe ta yaya zai juya? Ko tsintsiyar ce ta faɗa maka?"

Ya ce, "Ja'iri, je ka dubi ƙafar keken yayanka."

To, na duba. Ina kwance notin ƙafar gaba, ƙwallayen suka watse cikin ƙasa. Na tsince tara. Ta goma kazar Inna ta riga ni.

Na mayar da taran, na liƙe su da man shanu, amma ƙafar sai gurnani take tana karkata. Ƙwaya ɗaya tak! Shin su ke riƙe da sandar tsakiyar ƙafar, ko ita ke riƙe da su? Na jirgin kuma, in ɗaya ta faɗo fa?

Da asuba Yaya Audu zai goya Baba zuwa Kurfi wurin mai ɗori, kuma bai san na taɓa masa keke ba. Na cika kazar da dusa, na kife ta da kwando a bakin shimfiɗata. Allah ka sa ta yi kashi kafin kiran salla.