Magaryar Wankan Bashir

Daren Laraba, unguwar Darrasa, a ƙasar waje

Yau muka binne Bashir, abokin zamana a ɗaki. Da safe na je wajen mai sayar da magungunan gargajiya neman ganyen magarya na wankan gawa. Ya miƙo mini gari a leda, a jikinta an rubuta Ziziphus spina-christi. Bashir, da yake noma ya karanta, ya taɓa gaya mini wannan sunan kurna ne, ba magaryar bayan gidansu ba. Da garin dai muka wanke shi.

Bayan isha'i mahaifiyarsa ta kira daga Gumel. Ko kuka ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, tun jiya na tsinko ganyen, na daka. Yanzu yaya zan yi da shi?"

Can sai layin ya katse.