Gashin Mai Kitso

Daga Durban

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafarki? Ya Twaibu da makaranta? Ki ce masa uwarsa na nan daram.

Na san Patuma, maƙwabciyata a nan, ta iso muku gida Mangochi da dogon bakinta, ta ce an yi mini sammu. Ki riƙe kazarki, kada ki kai wa boka. Gaskiya ne gashina ya zube a tsakiyar kai, fili kamar tafin hannu. Ni mai kitso, kin ji abin dariya! Abinci ba ya shiga, kuma tunda takardun izinin zamana a ƙasar nan suka ƙare, da na ji jiniyar 'yan sanda sai in nemi wurin ɓuya. A asibiti aka ce, "Jininki lafiya lau, damuwa ce ke cin ki."

Mai shagonmu ta sa ni ɗaura ɗankwali, wai kada in kori jama'a. Jiya wata da nake wa kitso ta ce, "Ke 'yar Malawi, me kike ɓoyewa? Ƙwarƙwata?"

Na fizge ɗankwalin na ce, "Kalla da kyau, Anti. Garinku ne ya aske ni, ko aska bai sa ba."

Can ta raba gashinta ta nuna mini nata filin.

Ba zan dawo ba sai Twaibu ya gama karatu. Ki aiko mini busasshen kifin usipa, ki sa ni a addu'a. Gashi kawai Durban ta samu, Inna. Kan nawa ne, kuma ba zai sunkuya ba.

'Yarki,
Asiyatu