Kwanakin da Na Rage wa Auta

Litinin, 3 ga Maris
Malama, rubuta yadda na faɗa, ban da gyara irin naku na 'yan makaranta. Yau na raka Auta asibiti. Wai akwai tabo a bakin mahaifarta, bai zama ciwon daji ba tukun, za a yanke. To a yanke mana! Sai likitar, 'yar ficiciya da tabarau, ta hau tambayar yaushe ta ga al'ada. Auta ta kama in-ina. Wai ta je ta tuno, ta dawo Alhamis. Sun fi son yin aikin da zarar an gama al'ada, in wata al'adar ta matso jini ya fi zuba. Ni za a koya wa jini? Haihuwa tara!

Laraba, 5 ga Maris
Haka aka yi ta yi wa yayata, je ki dawo, je ki dawo. Shekara guda ina wanke zannuwanta kafin muka rufe ta.
Na san kwanakin Auta sarai, ai ina ganin ranar da ta ajiye sallah. Bai fi saura kwana goma ba ta sake gani. In ta faɗi gaskiya, sai a ce ta jira. Na ce, "Ki ce shekaranjiya kika yi wanka." Wai, "Inna, ƙarya fa." Na ce don gidanku, ni na haife ki ko mai tabarau?

Talata, 11 ga Maris
An yi. Sun ce ba daɗewa, sai da ƙafata ta mutu a kan benci. Likitar ta fito tana cire safar hannu: "Mama, kun tabbata da kwanakin nan?" Na ce ta tambayi takardarta.

Laraba, 12 ga Maris
Da la'asar jini ya ɓalle wa Auta. Auduga ta ƙare, muka koma zani. Kalar zanen yayata sak. Muka koma asibiti, aka yi ɗinki.
Na ja ɗamara ina jira likitar ta zage ni. Sai ta ce, "Yakan faru ko da kwana ya yi daidai, Mama. Zauna." Har ruwa ta miƙo mini. Rainin wayo.

Asabar, 15 ga Maris
Auta ba ta gaya wa mijinta ƙaryar da muka yi ba. Ni ma ba ta ce da ni komai ba. Gara ta yi faɗa.

Lahadi, 23 ga Maris
Jinin ya tsaya. Tabon ya fita duka, in ji su, amma a dawo dubawa bayan wata shida, kuma a zo da lissafin kwana.
Na samo gwangwanin madara. Ran da ta ajiye sallah zan fara jefa wake, ɗaya kullum. Ba don mai tabarau ba, hannuna ne ba ya son zama. In lokacin ya yi, Malama, ke za ki ƙirga. Ko na ce ki rage, kar ki rage.