Kiɗan da Ya Tsayar da Iliya

Yaya Saratu,

Ina gaisuwa. Ya aiki, ya maigida da yara? Mu nan Tudun Wada lafiya lau.

A taron bishara na ɗora waƙar yabo kan kiɗan rege. Ƙaninmu Iliya, da ya shekara biyu bai leƙa coci ba, ya tsaya har ƙarshe. Dattawa kuwa suka ce kiɗan 'yan wiwi ne, ko in daina ko in bar ƙungiyar mawaƙa; har Baba na cikinsu. Na ce, "Gangar da kuke kaɗawa fa, ba ta bori ba ce a da?" Tun ranar Baba bai amsa gaisuwata ba.

Iliya ya ce zai dawo Lahadi in zan sake. Zan sake. Ki sa mu a addu'a, ki lallashi Baba, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Bitrus