Hayaƙin da ke tsakiyar tsibirin

Daren Talata, unguwar Fereej Abdel Aziz

Yau Injiniya Sabo ya ɓata min rai, kuma bai ma sani ba.

Wata bakwai ke nan ina gadi a ofishin nan na unguwar Mushairib, gaban ƙaton talabijin da ba ya nuna komai sai wani tsibiri. Daji ne kore shar har bakin teku, duwatsu tsaye kamar katanga, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Can tsakiya farin hayaƙi na tashi. Na ɗauka wani ne ya hura wuta. Kullum in na kama aiki sai in ce a hankali, "Maigida, an tashi lafiya?"

Da Injiniya ya zo wucewa na tambaye shi wace ƙabila ce a can. Ya yi dariya. "Haba Malam Isa, ai ba kowa, sai tsuntsaye da ƙaguwa. Ko kwalekwale ba shi da wurin tsayawa. Tururi ne daji ke fitarwa bayan ruwa." Ya wuce abinsa.

Mu shida ne a ɗakin kwanan nan namu, kowa ya juya wa kowa baya yana latsa waya. Wa zan faɗa wa?

Ina jin gobe ma sai na gaishe da maigidan tsibirin.